Canjaras Na Baƙo Ne

Duk wanda ya taɓa sa ƙafa a ƙwallon unguwa a gabashin São Paulo ya san dokar, ba sai an karanta masa ba. Ranar bikin kulob, mai gida ne ke sayen kofi, ya girke shi kan tebur a bakin fili kowa ya gani. Wanda ya ci wasa ya ɗauka. In kuwa aka tashi canjaras, to kofi na baƙo ne. Babu bugun fenariti, babu ƙarin lokaci, babu "tsaya mu yi magana". Mutum ya sha hanya ya zo gidanka, ka kasa cinye shi, sai ka sallame shi da abin hannu. Tsofaffi suka ce ladabi ne. Seu Lourival kuwa, shugaban kulob ɗin Barranco, da zai haɗu da wanda ya ƙirƙiro wannan ladabi, da sai an ɓamɓare hannunsa daga wuyan mutumin.

Bari in ba ku tarihin Barranco yadda yake, kafin wani maƙaryaci ya riga ni. Ba ta taɓa cin gasar komai ba. Mahaifin Lourival ne ya kafa ta, Anacleto, wani birkila da ya sauko daga Bahia da cokalin gini da kayansa a kwali. Shi da abokan aikinsa suka tasa wani gangare na bayan rafi a gaba, kowace Lahadi bayan an fito coci, da fartanya da baro, har suka mai da shi fili. Jar ƙasa ce wadda in ta kama farin wando sai dai a mai da shi tsumma. Turakun raga ma da bututun ruwa ya yi su, ya kafa da simintinsa. To shi Anacleto ɗan baya ne, ga shi magini, abin da ya sani a duniya shi ne bango. Haka ya koya wa yaransa ƙwallo, haka su ma suka koya wa nasu: a fara toshe gida tukuna, sauran kuma Allah ya kawo. Mutum tara a baya, gola na goma, ɗaya a gaba yana hamma.

Sai canjaras ya zama sana'arsu. In suka je bikin wasu, sai su gina bangonsu, su laɓe a bayansa har a busa tashi, su sungumi kofi su hau mota suna kiɗa. Kofuna suka cika ɗakin kulob har kan firji. Aka laƙaba musu Sarakunan Canjaras, su kuma da yake ba su da ta ido suka rubuta a tutarsu. Shekarar da suka fi yin suna, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin gunduma ba su ci kowa ba, ba wanda ya ci su, sai fenariti ne ya fitar da su. Akwai kuma ranar da suka riƙe yaran wani babban kulob babu ci, hoton na nan har ya koɗe. Iyakar abin ke nan, kuma muna alfahari da shi, wanda ya ga dama ya yi dariya.

Matsalar ita ce, abin da suke yi a gidan mutane shi suke yi a gidansu. Tun da Anacleto ya rasu, kowace shekara Lourival ke zuwa da kansa ya zaɓo kofi, ya sa a zana sunan uban a ƙarfen gindinsa. Kowace shekara kuma, sama da shekara ashirin ke nan, sai ya tsaya a tsakiyar filin ubansa ya miƙa wa wani ƙato, yana yaƙe. Anacleto na kan kantar wasu kulob a Itaquera, yana Guaianases, yana unguwannin da bai taɓa takawa ba da ransa. A gidansu ne kaɗai babu shi. Tibúrcio, shugaban Flor da Pedreira, abokan hamayyarsu na saman tudu, yana da kofunan nan har uku a mashayarsa, kuma a cikin ɗaya yake zuba marafan kwalba. Marafan kwalba, jama'a!

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Dona Benvinda, matar Anacleto, uwar Lourival. Ita ta wanke jesin Barranco har hannuwanta suka ƙi. Yanzu ta haura tasa'in, kuma tun da ta faɗi ta karye a ƙugu take zaune wajen 'yarta Neuza, a saman bene, can wani gefen gari, ba ta saukowa. Kowace Lahadi da yamma Lourival kan je gaishe ta, kafin ya rufe ƙofa tambayar ta riga ta iso: "Nawa da nawa?" Ba ta tambayar lafiyarsa sai ta ji yadda aka tashi. A kan ɗan teburin gefen gadonta, tsakanin hoton Maryamu da kwalaben magani, akwai wani wuri da ta hana a ajiye komai, ko kofin shayi. Na kofin Anacleto ne. Bana likita ya ja Neuza gefe ya ce zuciyar tsohuwa ta gaji, duk abin da ake so a yi mata a yi yanzu.

Sannan ga abin da tsohuwa ba ta sani ba: filin ma babu shi.

Wata Litinin kafin Ista wasu mutane suka zo da hulunan kwano, suka ce wani kamfani ya sayi wurin tun tuni, benaye za a yi. Kafin Lourival ya gama zagin na farkonsu an kewaye filin da langalanga. Katafila ta ture ɗakin kulob, da ƙyar aka kwashe kofuna aka jibge a garejinsa. Turakun Anacleto kuwa sai da suka ba su wuya, don simintin tsoho ba na wasa ba ne; da suka gaji suka yanke su daga tushe. Lourival ya kutsa ta wata kafa ya ciko bokitin fenti da jar ƙasa, mai gadi na binsa da ihu. Ya je wajen kansila, kansila ya rungume shi ya ce ya ɗauka an gama. Ya je wajen lauya, lauya ya ce akwai haske. Ya koma wajen kansila aka ce ya yi tafiya, ya sake komawa aka ce yanzun nan ya fita. Tun daga nan Barranco ke yawon gidajen mutane. Shi kuma kowace Lahadi sai ya tsaya a ƙasan benen Neuza, ya buɗe but ɗin tsohuwar motarsa inda bokitin yake, ya yayyafa wa ƙasar ruwa, ya shafa wa takalmansa, sannan ya hau. Idon tsohuwa ya yi rauni, amma jan takalmin ɗanta ba ya wuce ta.

"Kai dai taurin kanka ya yi yawa, Lorí," in ji Neuza wata rana a kicin, ƙasa-ƙasa don kada uwar ta ji. "Ka je shago ka sayo kofi, a rubuta sunan Baba, ka kawo mata ka ce kun ci uku da nema. Wa zai sani?"

"Uku? Barranco? Ko a mafarki ba za ta yarda ba."

"To ɗaya."

"Kofin da ba a buga wasa a kansa ba gwangwani ne. Sunan Baba ba zai hau gwangwani ba."

"Au, yanzu kuma kai ne mai gaskiya? Kai da kake shigo min da laka kullum ina gogewa? Ƙarya ɗaya kana ɗauke da ita, ta biyun ce za ta karya maka wuya?"

"Waccan ba ƙarya ba ce. Jira ne. Filin zai dawo."

"Sun fara zuba ginshiƙi, Lorí. Na wuce ta wurin, da idona na gani."

"Ginshiƙi ana tonewa."

Neuza ta ce Allah ya shirya, ta koma kan tukunyar wakenta.

Bikin cika shekara sittin ya matso, ga shi babu inda za a yi shi. Lourival ya zaga, ya zaga, duk filin da ya nema an riga shi. Saura ɗaya, wanda ya fi tsana. Ya haɗiye girman kansa ya hau tudu wajen Tibúrcio.

Tibúrcio wani siririn tsoho ne mai ɗingishi, kuma duk wanda zai saurara sai ya gaya masa Lourival ne ya sa masa ɗingishin, zamanin suna buga wasa. Gaskiya ne kuwa. Shi ne kuma ya tsaya wa 'yar Lourival ranar baftisma, don haka ba a rabuwa, ba a kuma shiri.

"Ah, ga Sarkin Canjaras da kansa!" ya ɗaga murya don 'yan mashaya su ji. "Ku ba shi kujera a tsakiya daidai, kada ya karkata ko'ina."

Lourival ya zauna, ya juya wa kantar baya don kada idonsa ya faɗa kan kofunan.

"Filinka nake so. Lahadin ƙarshen wata."

"Haka ake roƙo a wajenku? Ko da yake ku yanzu ai..." Tibúrcio ya ga fuskar mutumin, ya haɗiye sauran. Ya tura masa kwalba mai sanyi.

"Aro ne, ka ji da kyau. Aro. Bikinmu ne. Mu za mu kawo kofi, mu kawo nama, mu kawo alƙali. Tutarmu za a ɗaura a ƙofa. Ranar nan mu ne masu gida."

"A filina."

"Na ce mu ne masu gida, Tiba."

"Yadda ka ce, shugaba. Babban wasan da wa za ku yi?"

"Da ku."

"Madalla. Dama marafan nan sun fara yi wa ɗaya yawa."

Lourival ya tashi bai taɓa kwalbar ba. Bai kuma yi godiya ba, kuma ya san bai kyauta ba, abin ya ƙara masa haushi.

Ranar ta zo da rana tarwal. Tun da safe ya hau tsani ya ɗaura tutar Barranco a kan allon ƙofar Pedreira, amma tutar ba ta kai ba. In ya ja ta dama sai FLOR ya leƙo ta hagu, in ya ja ta hagu sai wutsiyar sunan ta leƙo ta dama. Ya bar ta haka yana tsaki. Filin kuwa ciyawar roba ce, kore shar, ba ƙura, ba laka, ba ƙamshin komai. Aka hura gawayi, nama ya fara ƙauri, masu ganguna suka jera a jikin wayar da ta kewaye fili. Ya girke kofin a kan tebur, mafi girma da ya taɓa saye, mai kunnuwa biyu da faɗin baki kamar tukunyar miya. Ya goge sunan da gefen rigarsa, ya sake gogewa.

Kafin babban wasa ya tara yaransa a ɗakin sa kaya. Yara dai a baki; direbobi ne da magina da 'yan kai saƙo a babur, rabinsu da furfura.

"Ku saurare ni. Shekara sittin muna gina bango. Yau a rushe shi. Kowa gaba. Canjaras ba ya yi mana, kun ji ko ba ku ji ba? Mama na can kwance tana jiran kofin nan. Duk wanda na ga ya koma baya ba dalili, na rantse da kabarin Baba da ƙafa zai koma gida."

Suka dubi juna kamar an ce su yi fiffike. Jandir, ɗan gabansu, direban bas mai tumbi, ya ɗaga hannu.

"Seu Lourival, in duk suka taho gaba, ni ina zan tsaya? Na saba ni kaɗai."

"Ka tsaya inda raga take, ɗan banza!"

Aka busa. Kai, abin tausayi! Barranco ta kai hari kamar mutumin da ya ari wandon wani. 'Yan baya su tsallaka tsakiyar fili suna waiwaye, kamar sun bar tukunya a wuta. Wanda ya sami ƙwallo a gaba sai ya rasa yadda zai yi da ita, ya maido ta baya don ladabi. Ba a daɗe ba yaran Pedreira suka ga gida a buɗe, ɗaya ya zura da gudu ba kowa a gabansa, ya ajiye ta a raga salin-alin. Tibúrcio ya taso da ɗingishinsa ya zo har gaban tebur, ya auna bakin kofin da tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya koma.

Abin da Lourival ya faɗa musu a hutun rabin lokaci ba zan maimaita ba, akwai mata a wajen waya kuma sun ji. Amma ya yi aiki. Da aka dawo suka yi ta tura ƙwallo sama ko ta halin ƙaƙa, har aka sami kwana. Aka bugo, aka yi cakwakiya a bakin raga, wani ya yi ƙoƙarin fitar da ita da ƙarfi, ta daki tumbin Jandir ta koma ciki. Ɗaya da ɗaya! Aka kunna nokawut ƙara ta tashi, ganguna suka haukace, wani ya zubar da tiren nama. Lourival kaɗai bai yi tsalle ba. Ya riƙe wayar shinge da hannu biyu yana ihu: "Saura ɗaya! Ku ɗauko ƙwallon! Saura ɗaya!"

Daga nan ne abin ya lalace, a gaban idonsa, sannu-sannu. Na farko ya ja baya taku kaɗan. Na biyu ya bi shi don kada ya bar shi shi kaɗai. Kafin ka ce me, ga mutum tara a jere a bakin gidansu, kafaɗa da kafaɗa, fuska a kwance, kowa ya koma inda Allah ya halicce shi. Kuma sai ga shi sun iya wasa! Pedreira ta buga ta sama, bango. Ta buga ta ƙasa, bango. Sau biyu ta daki turke. Nivaldo gola ya kama wata ƙwallo mai sauƙi ya kwanta a kanta kamar kaza a kan ƙwai.

"Nivaldo, tashi! Uban me kake yi a ƙasa? Ku fita! Mu ne masu gida! Mu ne masu gida, ku jakuna!"

Wa zai ji shi? Gangunan Barranco da kansu sun koma kiɗan da suke yi in ana jiran a busa a gidan mutane.

Alƙali ya fara duba agogo, sai ga wata ƙwallo da aka watsar ta faɗo a ƙafar Jandir. Pedreira duk sun tafi gaba. Babu kowa tsakaninsa da raga sai gola, shi ma ya fito da nisa, yana ja da baya yana tuntuɓe. Lourival ya daina ihu. Ya ga ɗan teburin gefen gado, ya ga wurin nan da ba a ajiye komai. Jandir ya ja ta, ya ja ta, tumbi na rawa, ya ɗaga kai ya dubi gefe. Sai ya karkata. Ya nufi tutar kwana, ya taka ƙwallon, ya juya wa duniya baya, ya buɗe hannuwa yana kare ta, yana cin lokaci, kamar yadda aka koya masa tun yana saurayi.

Aka busa tashi.

'Yan Barranco suka ɗaga hannuwa sama. Nivaldo ya taho da gudu zai rungumi shugaba, ya zo daf sai ya ga fuskarsa, ya tsaya cak. Ɗaya bayan ɗaya hannuwan suka sauko. Jandir ya iso yana haki, ya dafa gwiwoyi.

"Seu Lourival, wallahi mantawa na yi. Na ɗaga kai na ga mashayar Tiba, na ga tudun nan. Ƙafata ce ta ce min a waje muke."

Lourival bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya juya ya je tebur ya ɗauki kofin. Wannan aikin dai ya iya shi, ya fi kowa a São Paulo iya shi. Ya taka har tsakiyar fili, ya gyara yaƙensa, ya miƙa wa Tibúrcio.

Tibúrcio ya mai da hannuwansa baya.

"Karɓi mana, tsohon banza, hannuna ya gaji."

"Tun da nake ban taɓa karɓar kofin canjaras a gidana ba. Ba yau zan fara ba."

"Bikin wa ake yi? Wa ya sayi kofin? Naman da ke haƙorinka na wa ne?"

"Naka. Makullin ƙofar kuma yana aljihun wa?"

"Mun yi magana, Tiba! Na ce mu ne masu gida, ka ce yadda na ce!"

"Na ce yadda ka ce. Ban ce haka ne ba."

Jini ya hau wa Lourival ka. "Sadaka za ka yi min? A gaban mutane? Haɗa baki kuka yi?"

"Sadaka? Kai! Ba ka ga yarana sun kusa karya turke ba? Na so kofin nan kamar me, har wurinsa na share a kanta. Da mun ci da ko kallonka ba zan yi ba. Amma ba mu ci ba, kuma doka ba ni na yi ta ba. Dubi ƙasa, Lorí. Dubi abin da kake takawa."

Bai duba ba. Ya dire kofin a kan layin tsakiya, ya harɗe hannuwa. Tibúrcio ma ya harɗe nasa. Tsofaffi biyu, kofi a ƙasa tsakaninsu, jama'a sun zagaye su, ganguna sun yi shiru. Wani daga baya ya ce a raba shi biyu, ba wanda ya yi dariya. Lourival ya san abin da ke cikin kofin nan in ya ɗauka. Wata da watanni yana gaya wa kowa jira ake, yana gaya wa Neuza, yana gaya wa yaransa, yana gaya wa kansa a gaban madubi. In ya sunkuya, an gama, ya yarda Barranco ba ta da gida. In bai sunkuya ba, ya hau benen nan hannu wofi, kuma wata shekarar ba lalle a tarar da mai tambaya ba.

Alƙalin wasa, wani mutumin wata unguwa da bai san kowa ba, ya kutso da jakarsa a kafaɗa.

"Don Allah dattawa, ina da wani wasan a Guaianases. Abu mai sauƙi ne. Wane ne baƙo a nan?"

'Yan Barranco suka sunkuyar da kai. Daga inda yake tsaye, ta saman katangar Pedreira, Lourival na hango ƙasan tudu, inda ƙarafan gini suka yi cirko-cirko a bayan rafi. Sun kai hawa na biyu. Ya daɗe da sanin sun kai, kallon wajen ne ba ya yi.

"Mu ne," ya ce.

"Ban ji ba, baba."

"Na ce mu ne baƙi!"

Ya sunkuya ya ɗauka. Ba a yi tafi ba, ba a kunna nokawut ba. Tibúrcio ya miƙo hannu zai dafa kafaɗarsa, ya kauce. Da ya zo fita ya ga iska ta riga ta kwance tutarsu ta gefe ɗaya, tana reto, sunan Pedreira ya fito gaba ɗaya. Ya ce Nivaldo ya sauke ta.

A ƙasan benen Neuza ya buɗe but, ya yayyafa ruwa, ya shafa wa takalmansa ƙasa, hannu ne kawai ke aikin da ya saba. Yana hawa yana bitar abin da zai ce. Biyu da ɗaya. Jandir ne ya ci duka biyun, ta biyun da ka. Biyu da ɗaya, Mama. Neuza ta buɗe ƙofa, ta ga kofin, ta toshe baki da hannu.

"Nawa da nawa?" muryar ta fito daga ɗaki.

Ya shiga ya ɗora mata shi a cinya. Dona Benvinda ta kama kunnuwan biyu, ta lalubo gindin, ta bi sunan da babban yatsa, harafi bayan harafi, har ƙarshe, ta sake dawowa farko. Lourival ya ji kamar ya gudu.

"Ka kawo shi gida," ta ce. "Ka kawo shi, ɗan nan. To nawa da nawa? Ba ka gaya min ba."

Shekarunsa nawa yana amsa tambayar nan, bai taɓa ƙara ko rage ƙwallo ɗaya ba. Ya buɗe baki da biyu da ɗaya a kan harshensa.

"Ɗaya da ɗaya, Mama."

Yatsan ya tsaya a kan sunan. Matar da ta wanke jesin Barranco kusan shekara hamsin ba ta bukatar a yi mata bayani. Neuza ta matso bakin ƙofa tana duban kwalaben magani.

"A gidan wa?"

"Na Tiba."

"Tun yaushe?"

"Kafin Ista."

"Turakun fa?"

"Sun kasa tumɓuke su. Sai yankewa suka yi."

"Ai dole," ta ce, da wani abu kamar gadara. Sannan hawaye suka zubo, ba ta share ba. Ta karkata kai ta dubi ƙasa, ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"To wannan fa? Wannan jar ƙasar da kake shigo mana da ita kowace Lahadi?"

"Bokiti na ciko, ranar da suka zo. Yana cikin mota."

"Sakarai. Babba da kai, har da furfura." Ta ja numfashi. "Akwai saura?"

"Kusan rabi."

Ta miƙa masa kofin da hannu biyu, bakinsa a sama.

"Sauka ka zubo min ita a nan, duka. Kuma ka daina ɓarnatar da ita a takalmi."